Wanda Yake Ɗauke Wutar Hausare

Garwa, unguwar Hausare
6 ga Maris, 1988

Zuwa ga bawan gidanmu Sulaimanu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Fati da jaririyarku. Mu nan alhamdu lillahi, sai zafi. Maigida ya yi fama da zazzaɓi kwana uku, ya tashi, har ya koma kasuwa. Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata 'yarta tana nan da rai, in ta manta.

To, in zo kan magana. Ranar da ka zo ka ɗauki Inna, a tsakar gidan nan ka tsaya ka ce sati biyu. Yau kwana arba'in da ɗaya. Ban musa ba a lokacin, don da idona na ga abin da ya faru: wuta ta ɗauke kwana biyu cur, firigo ya zama akwatin banza, maganin sukarinta ya lalace. Madam Germaine mai yi mata allura ta ɗaga kwalbar ta ce wannan ko akuya ba za ta tsira wa ba. Ka ce ku a gidajen ma'aikatan baraji, madatsar ruwan Lagdo, wuta ba ta ƙiftawa. Na ce to. Ba cewa na yi na ba ka ita kyauta ba.

Abakar mai motar kifi, wanda zai kawo maka takardar nan, shi yake ba ni labari, kuma ka san bakin Abakar ba ya rufuwa. Wai Inna ta yi ƙiba. Wai an sa mata kujera a gindin darbejiya tana kallon ruwa. Wai har kunun gyaɗa take dama maka da hannunta kafin ka tafi aiki. Shekara shida tana ɗakin da ke jikin nawa, ni ke wanke mata ƙafa, ni ke auna mata abinci, ban taɓa ganin ta kama ludayi ba, kullum hannu na ciwo. Ashe iskar Lagdo har ciwon hannu take warkarwa.

Bari in tuna maka, don na ga aikin kamfani ya sa maka mantuwa. Kai ɗan Kawu Ilyasu ne. Inna goggonka ce, ni ta haifa. Da aka kawo ka gidan nan bayan rasuwar Kawu, majina har baki, ni na goya ka. Sai ga shi kai aka kai babbar makarantar lise, ni aka cire daga lakwal a aji biyar aka ɗora mini farantin talla. Ban yi magana ba a lokacin, yanzu ma ba magana nake ba.

Kuma wutar nan fa? Kai da kake zaune a kan uwarta, faɗa mini me ya same ta. Da Sinawa suka gama barajin nan cewa aka yi daga Garwa har Marwa mun yi ban kwana da fitilar ƙwai. Ga azumi yana tahowa, kuma ka san da ƙanƙara da folere, zoɓon nan, nake riƙe da kaina. Jiya tukunya guda na zubar, ta yi tsami.

Uwargijiyarka,
Kaltumi

Lagdo
13 ga Maris, 1988

Zuwa ga baiwata Kaltumi,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso tana ƙarnin kifi, na karanta na yi dariya har Fati ta leƙo. Muna lafiya. Jaririya ta fara zama. Allah ya ƙara wa maigidanki sauƙi. Inna lafiyarta ƙalau, ana yi mata allura safe da yamma a dispanser, ƙaramin asibitinmu, ƙafarta ta saɓe, kumburin ya tafi. Na isar mata da gaisuwarki, ta amsa.

Wane ne bawan wani? 'Yar mace ce ke, ni ɗan namiji. Ko a gaban alƙali ni ne ubangidanki, goyon da kika yi mini kuwa aikinki kika yi.

Batun wuta, zauna in koya miki, tunda a aji biyar kika tsaya. Wutar nan ba a tukunya muke dafa ta ba. Ruwan Binuwai aka tare, shi yake gangarowa ta cikin manyan bututu ya juya injuna huɗu da ke ƙasan ginin. In ruwa ya cika, sai ƙarfi ya cika. Damina biyu ke nan sama ba ta yi mana kirki ba. Kowace safiya ana karanta ma'aunin da ke jikin bango, kuma kowace safiya ya ragu. Yanzu in kin tsaya a kan baraji har kawunan itatuwan ƙauyukan da ruwa ya cinye kina hangowa, masunta suna ɗaure jiragensu a jiki. Injuna biyu muke tayarwa, wani lokaci ɗaya. An tayar da tsofaffin injunan gas na Jambutu a Garwa su taimaka, amma sun tsufa, kuma man ba ya isa. Abin da muka samu shi ake rabawa: asibiti, famfon ruwa, masaƙa, sannan unguwanni bi da bi, har Kaele da Marwa. Sai an yi haƙuri zuwa saukar damina.

Saboda haka ina ganin Inna ta zauna har ruwa ya dawo. Ba don in ƙwace miki ba. Kwalba ɗaya in ta lalace, sai an jira sati kafin a sami wata, kin fi ni sani. Kunun gyaɗa kuwa gaskiya ne, kuma wallahi da daɗi. In kina so in aiko miki da ragowar a kwano.

Ki zo ki gan ta mana. Abakar ya ce gaban mota naki ne duk ranar da kika shirya.

Ubangidanki,
Sulaimanu

Garwa
2 ga Afrilu, 1988

Sulaimanu,

Na iso gida lafiya, na tarar da yara lafiya. Ka yi wa Fati godiya, ta yi ɗawainiya. Kifin da ta ba ni na soya na raba wa maƙwabta, don ba inda zan ajiye shi.

Da ma ban zo ba. Ka ce in zo in gani, to na gani. Na yi sallama a ƙofarku, ina jiyo dariyar Inna daga ciki, irin wadda rabona da jin ta tun Baba yana da rai. Ina shiga ta haɗiye ta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon tabarma, ta tambayi yara da maigida, shi ke nan. Za ka ce kunyar 'yar fari ce, na sani, da ita na girma. Shekarata talatin da takwas, bakinta bai taɓa kama sunana ba. Amma kana shigowa da hular ƙarfenka ta miƙe zaune: Sule ka ci abinci, Sule zafin nan, Sule cire takalmin ka huta. Sau goma sha ɗaya a wuni guda. Ina zaune ina jin kowanne.

Kuma gidan naka. Ƙwan lantarki yana ci a bayi da rana tsaka, ba kowa a ciki. Firigo har ƙanƙara ta toshe ƙofarsa, Fati tana ɓamɓarewa da wuƙa tana zubarwa a ƙasa. A ƙasa, Sulaimanu. Na kalli ƙanƙarar nan tana narkewa a rairayi, sai da na fita waje don kada in yi abin kunya.

Ka kai ni ɗakin aikinka ka nuna mini allon nan mai allurai da maɓallai, kana ta kumbura, kana gaya wa abokan aikinka da faransanci wai ga babbar yayarka. Na ga hannunka yana yawo a kansu. To ni dai ban gane ba. Sati ukun nan unguwar Fulɓere suna samun wuta, Lopere suna samu, mu Hausare sai a ba mu awa uku a ɗauke. Matan unguwa har sun fara ce mini, ke da ƙaninki yake can. Ko dai kai ne kake ɗauke ta, don uwata ta dawwama a gidanka?

Da zan taho na ce mata, Inna, yaushe za ki dawo? Ta ce sai yadda Sule ya gani.

Kaltumi

Lagdo
9 ga Afrilu, 1988

Baiwata,

Gaisuwa. Kowa lafiya, Inna ma haka. Tana cewa a tambaye ki ko an ba akuyarta dusa.

Tunda kin gano ni, bari in amsa laifina. Ni ne. A allon nan da kika gani akwai wani jan maɓalli a gefen hagu, na rubuta Hausare a kansa da alli. Kullum da safe in na shiga aiki sai in yi bisimilla in danna shi, in ce wannan na Kaltumi ne, ƙanƙararta ta narke, folerenta ya yi tsami. Kuma ba zan sake shi ba sai ranar da Inna ta ce ta bar Garwa har abada. Mutanen unguwa su yi haƙuri, maƙwabciyarsu ce ta ja musu. In kina so in sassauta, ki aiko mini da dakuwa mai yawa, ki rubuta da hannunki cewa ni ne ubangidanki.

Kai, Kaltumi, kishi da ƙaninki, da girmanki? Ranar da kika tafi, Inna ta tsaya a bakin hanya har ƙurar motar ta kwanta. Ba za ta faɗa miki ba, ni ma ba ta faɗa mini ba, gani na yi.

Allah ya kai mu azumi lafiya.

Mai jan maɓalli,
Sulaimanu

Lagdo
3 ga Mayu, 1988

Kaltumi,

Barka da shan ruwa. Ina fata kuna lafiya. Sati uku ba takardarki, na ɗauka azumi ne ya sa. Inna lafiya, likita ya hana ta azumi, tana ta mita. Wannan takardar ba ta wasa ba ce, ki karanta ta a natse.

Jiya shugabanmu, Misye Norbert, ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya ajiye mini takarda uku. Ta farko ƙara ce daga mutanen Hausare zuwa ga perefe mai mulkin yankin, da sa hannun Jauro mai unguwa da dangwalen yatsa arba'in da bakwai. Ta biyu takardata ce, wadda na rubuto miki ranar tara ga wata, da rubutuna. Ta uku fassararta ce da faransanci, an buga da keken rubutu. Da na karanta ta da faransanci, wallahi ni kaina sai da na ji tsoron mutumin da ya rubuta ta. Babu dariya ko ɗaya a ciki. Ma'aikaci ne kawai yake cewa da gangan yake hana unguwa guda wuta a kan rigimar gidansu.

Misye Norbert ya san ba zai yiwu ba. Daga nan layi muke turawa gaba ɗaya zuwa Garwa, a can ake raba wa unguwanni bisa jadawali. Ko ina so ba ni da ikon kashe ƙwai ɗaya a gidanki. Layinku kuma a wutsiya yake, shi ya sa kuka fi shan wuya. Amma ya ce takardar ta wuce shi, ta kai ofishin gwamna, kuma wani ya rubuta kalmar zagon ƙasa a gefenta da jan biro. Kin san zamanin da muke ciki, ana neman wanda za a rage a ko'ina.

Na yi masa bayanin taubasantaka: cewa ɗan wa da 'yar ƙanwa a wurinmu ba abin da ba sa faɗa wa juna, kuma ba mai riƙewa. Mutumin kudu ne amma ya gane, ya ce su ma suna da irinta. Sai dai ya ce bakina ba zai wanke ni ba. Kwamiti zai zauna ranar Talata, goma ga wata, ƙarfe tara, a ofishin kamfani na Garwa. In matar da aka rubuta wa takardar ta zo ta ce wasa ne tsakanin taubasai, kuma ta san wasa ne, zai iya kashe maganar.

Ban san yadda takardar ta bar hannunki ba. Na fi zaton wani ya ɗauka ba ki sani ba. Ba na tambaya. Daga ƙofarki zuwa ofishin nan bai kai tafiyar babbar kasuwa ba. In suka cire ni daga nan, gidan ma'aikata zan bari, da dispanser, da firigon da maganin Inna yake ciki. Ban gaya mata komai ba.

Don Allah, Yaya, ki zo.

Sulaimanu

Garwa, a tasha
10 ga Mayu, 1988

Kaltumi,

Na zauna a bencin ofis daga ƙarfe takwas. Misye Norbert ya ja 'yan kwamitin da wasu maganganu har sha ɗaya da rabi saboda ke. Jauro yana nan da mutum shida. Duk wadda ta shigo da mayafi sai na ɗaga kai.

Ban biyo ta gidan ba, don ban san abin da zan ce ba. In rashin lafiya ce ta hana ki, ki aiko in sani.

Sulaimanu

Garwa
14 ga Mayu, 1988

Sulaimanu,

Lafiyata ƙalau, kowa ma lafiya. Ba ciwo ne ya hana ni ba. Sau uku ina fara takardar nan ina yagawa, wannan ko yaya ta fito haka za ta tafi.

Ba wanda ya ɗauki takardarka. Ran uku ga azumi ne, bayan la'asar. Kwana biyu ba wuta. Mata sun cika tsakar gidana da kwanoni suna neman ƙanƙarar buɗa baki, ni kuma ko ruwan sanyi ba ni da shi. Matar Jauro ta ce, oh, ke da aka ce ɗan gidanku ne yake riƙe da wutar, ashe ko ke bai tuna da ke ba, uwar kawai ya ɗauke. Aka yi dariya. Na shiga ɗaki na ɗauko takardar na karanta musu.

Da farko na gaya wa kaina don su yi dariya na karanta. Ƙarya ne. Ban karanta da muryar wasa ba. Na tsallake wurin dakuwa, na tsallake wurin da ka ce Inna ta tsaya a bakin hanya. Hajja Dudu, da ta san mu tun muna yara, ta ce haba, ai waɗannan taubasai ne, haka suke tun suna tsirara. Na ce mata wasa da me, ga firigona nan ku buɗe ku gani. Da matar Jauro ta miƙo hannu, ni na sa mata takardar.

Na san wasa ne. Tun layin farko na sani. Wa zai san wasanka in ban sani ba?

Ranar Talata na yi wanka na sa mayafi na fito. Na zo har bakin ƙofar ofishin. Ta tsakanin ƙarafan na hango ka a benci, ka sa farar rigar nan, kana juya hula a hannu. Na hango Jauro da mutanensa. In na shiga, a gabansu zan ce na yi wa unguwa guda ƙarya a cikin azumi, mutum arba'in da bakwai sun dangwala yatsa a kan maganata, har da maigidana. A unguwar nan zan ci gaba da zama, su ne masu sayen ƙanƙarata. Wannan shi ne dalilin da zan ba kowa.

Kai kuwa ga na gaskiya. Ina tsaye a wurin sai zuciyata ta ce, in suka cire shi, Inna za ta dawo. Na ji daɗin maganar, Sulaimanu. Na tsaya ina jin daɗinta har rana ta kai tsaka, sannan na juya gida na ɗora abinci.

Kai aka ba lise, aka ba aiki, aka ba gida mai fanka. Ban taɓa cewa a karɓe maka ko ɗaya ba. Ita kaɗai nake da ita da ba ka da irinta, ita ma ka zo da mota ka ɗauka, kuma ta bi ka tana murna. Ban ce na yi daidai ba. Ka tambayi abin da ya hana ni zuwa, na faɗa maka.

Kaltumi

Lagdo
22 ga Mayu, 1988

Zuwa ga Yaya Kaltumi,

Assalamu alaikum. Barka da Salla. Ina fata an yi lafiya.

Ba su kore ni ba, Misye Norbert ya tsaya mini. An mayar da ni Kuseri, wurin injunan gas, don can layin baraji bai kai ba. An rage mini daraja ɗaya. Zan bar gidan nan ƙarshen wata. Fati da yarinya za su zauna a Bibemi wurin iyayenta sai na sami inda zan sa su.

Inna za ta zo ranar Alhamis a motar Abakar, a gaba. Maganinta kwalba huɗu ne, suna cikin kula da ƙanƙara, a sa su a firigo da zarar sun iso. In wuta ta wuce awa shida ba ta dawo ba, a kai su wurin Madam Germaine, asibiti ba ya rasa wuta. An canza mata awo, yana rubuce a jikin katin. Kada a ba ta shayi da sukari ko ta roƙa. Da yamma tana son a fitar mata da kujera waje.

Ban gaya mata dalili ba, na ce canjin aiki ne. Ban san abin da Fati ta gaya mata ba.

Takardarki ta iso, na karanta. Daga yau ba zan sake yi miki wasa ba, ke ma ki huta da kirana bawa.

Wassalam,
Sulaimanu Ilyasu

Garwa
14 ga Agusta, 1988

Zuwa ga ƙanena Sulaimanu,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, ina fata zafin Kuseri da sauronta ba su kayar da kai ba. Wannan ita ce ta huɗu da na aiko ta gidan waya. Ban sani ba ko suna isowa. Na sami labari daga Bibemi cewa yarinya ta fara rarrafe. Mu nan lafiya. Inna jikinta ba laifi, ana allura a kan lokaci, kwalba ko ɗaya ba ta lalace ba.

Ruwa ya sauka bana kamar da bakin ƙwarya. Abakar ya ce tafkin ya cika har itatuwan nan sun nutse, injuna huɗu duk suna juyawa. Yau kwana ashirin da shida wuta ba ta ƙifta ba a Hausare. Ka san abin da mutanen unguwa suke cewa? Wai ga shi nan, tunda aka cire yaron nan wuta ta zauna. Jauro ya yi mini godiya a gaban mutane. Matarsa ta aiko mini da turmin atamfa, wai ni ce na ceci unguwa. Na je har gidan na mayar mata, na ce mata ruwan sama ne, kuma takardar nan wasa ce, na san wasa ce tun ranar. Ta dafa ni ta ce Allah sarki, jini ba ƙarya ba ne, dole in kare ɗan'uwana. Na je ofishin kamfani ma, na sami wani magatakarda na faɗa masa. Ya ce an rufe maganar tun watan biyar. Yanzu da nake faɗar gaskiya ba mai so.

Firigona ya cika da ƙanƙara, damina ce, ba mai saye.

Inna tana ɗakinta. Na share shi, na sa sabon labule, na sayo fanka. Ba ta taɓa ce mini komai a kan maganar ba, ko da ido. Da ta zage ni da na samu sauƙi. In na kawo abinci ta ci, in na wanke mata ƙafa ta ce Allah ya yi albarka. Ina fitar mata da kujera da yamma yadda ka ce, sai ta juya ta ta fuskanci ƙofar gida. Na samu abin da nake so, ga ta nan ina ganinta safe da yamma, kuma wallahi ban taɓa kewarta irin ta yanzu ba. Har yau in na tuna yadda take kiran sunanka sai in ji abin nan ya taso mini a ƙirji. Bai tafi ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Na dai ga abin da ya saya mini.

Ɗazu da hantsi ta kira ni ta ce in ɗauko biro. Tunda nake ba ta taɓa sa ni rubutu ba. Ga abin da ta ce, ban ƙara ba, ban rage ba:

"Ki ce masa ya riƙa cin abinci. Ki ce masa kada ya sha ruwan kogin nan sai an tafasa. Ki tambaye shi, ɗakin da suka ba shi, ko akwai wurin da za a shimfiɗa tabarma ɗaya."

Na ce mata, Inna, can wutar inji ce, tana zuwa tana tafiya, maganinki fa? Ta ce an tambaye ki?

To na tambaya. In akwai wurin, ka aiko. Na yi magana da Madam Germaine, tana da wata abokiyar aiki a asibitin Kuseri da za ta ajiye kwalaben. Ni zan kawo ta da kaina, in shimfiɗa tabarmar, in juyo a motar da ta kai mu, ba sai ka yi mini magana ba. In kuma babu wurin, ka rubuto ka ce babu, ko layi ɗaya ne, ba don ni ba. Kullum bayan la'asar sai ta tambaye ni ko takarda ta zo, kullum ina ce mata hanya ce ta lalace. Jiya da na faɗa, sai ta ce motocin Kuseri biyu ta ji sun wuce tun safe.

Yayarka,
Kaltumi